Saura Ɗaya a Kwanar Marke

Ku matso nan. Kai Nazifi, kashe fitilar wayar nan, ka ishe mu da haske ido. Ke kuma Walida, in kin san za ki jiƙa mana tabarma cikin dare, tashi tun yanzu ki tafi wajen Inna. Wannan ba tatsuniyar Gizo ba ce. Kun san mutumin da abin ya faru da shi, tuwo ɗaya kuke ci.

Ɗazu da rana ina kallonku. Da za mu tafi gidan suna, Kawu Lurwanu ya tsaya bakin mota yana ƙirga ku ɗaya bayan ɗaya, har ya ce Anti Bilki ta juyo ya ga jaririn da ke bayanta. Sai kuka bushe da dariya. Har da kai Nazifi, ƙato da kai, kana kwaikwayon yadda yake nuni da yatsa. Wallahi raina ya ɓaci. To, ku yi shiru ku ji dalili.

Lokacin Kawu saurayi ne, ko aure bai yi ba. A motar asibiti yake aiki, irin mai jiniyar nan. Shi ba likita ba, ba kuma direba ba. Shi ne mai zama a baya tare da wanda aka ɗauko, ya yi ta fama da shi har a kai shi hannun likita da sauran numfashi. Direbansa wani dattijo ne mai cin goro, ana ce masa Malam Ɗanjuma.

Wadda ta koya wa Kawu aikin wata tsohuwar nas ce, Sista Rifkatu. Masifaffiya ce ta gaske, amma ta san aikinta. Kullum sai ta ja kunnensa ta ce, "Lurwanu, in ka isa wurin haɗari, kada ka ruga wajen mai ihu. Numfashi yake yi, shi ya sa kake jin sa. Ka fara neman wanda ya yi shiru." Ta ce ya tambayi direba mutum nawa ya ɗauko, sannan ya ƙirga da idonsa. Akwai kuma abin da ta fi nanatawa. Ta ce, "Ka toshe kunnenka daga 'yan kallo. Wannan zai ce a ba shi ruwa ya sha, wancan zai ce a ja ƙafar a miƙe ta, wani ya taho da man birki wai a zuba a ciwo. In ka bi tasu, da hannunka za ka kashe mutum."

Kawu ya riƙe maganar nan kam-kam. Ku ma ku riƙe ta, za ku ji inda ta kai shi.

Rannan tsakiyar damina ne. An yini ana ruwa. Bayan sallar isha wani mai babur ya shigo asibiti jiƙe sharkaf, ya ce mota ta faɗi a Kwanar Marke. Wurin daji ne, babu gari kusa, ko waya ba ta kamawa. Wata muguwar kwana ce, da wani tsohon marke tsaye a gefenta. Ciyawar wurin kuwa ta fi mutum tsawo.

Suka isa. Ƙaramar motar haya ce, taya ta fashe mata, ta yi ta juyi ta tsaya ƙafafu sama. Mutane sun taru, masu wucewa ne da wasu manoma da dare ya yi musu. Kowa na magana, ba mai jin wani.

Malam Ɗanjuma ya gindaya mota yadda fitila za ta haska wurin. Kawu ya sa safar hannu ya dira. Direban motar hayar na zaune a kwalta riƙe da karyayyen hannu, yana kwarara ihu. Kawu ya durƙusa gabansa.

"Mutum nawa ka ɗauko?"

"Wayyo hannuna!"

"Na gani, zan dawo kanka. Mutum nawa?"

"Biyu gaba, huɗu baya. Da ni bakwai."

Kawu ya ɗaga tocila ya ƙirga. Ga direba, ɗaya. Ga wasu uku zaune suna salati, jini kaɗan a goshi. Ga wani tsoho yana tafiya yana neman hularsa, bai san inda yake ba. Biyar ke nan. Ga wani magidanci kwance, cinyarsa a yage, jini na tsartuwa. Ga kuma wata mata can gefe, hijabinta ya naɗe mata wuya, ba ta ko motsi. Bakwai cif.

Ya fara da matar, tunda ita ce ta yi shiru. Ya warware hijabin a hankali, bai juya mata wuya ba. Ya kara kunne a hancinta, idonsa na kan ƙirjinta. Tana numfashi. Ya sa mata abin tallafe wuya, ya ce wa Malam Ɗanjuma ya riƙe kanta kada ya bari ya motsa. Ya ruga wajen mai cinya, ya cusa auduga da bandeji, ya danne da duk ƙarfinsa.

Yana cikin dannewa ya ji murya.

"Saura ɗaya."

Ya ɗaga kai. Wata tsohuwa ce tsaye can bakin ciyawa, inda hasken mota ya ƙare. 'Yar ƙarama, ta yafa baƙin zane. Abin da ya ɗan ba shi mamaki, tana gabansa da nisa, amma muryar kamar daga bayan kunnensa ta fito. Bai tsaya tunani ba. Jini na bin yatsunsa.

Wani ya miƙo ledar ruwa wai a ba mai cinya. Kawu ya daka masa tsawa. Wani ya kama ƙafar matar zai ja ta, ya sake daka wata tsawar.

"Ɗan nan, saura ɗaya."

"Iya, don Allah ki matsa ki ba mu wuri!"

Ya ɗaure cinyar daga sama tamau, jinin ya ragu amma bai tsaya ba. Suka mirgino matar kan katako su huɗu, kai da jiki tare, suka sa ta a mota. Suka sa mai cinya. Wata motar ɗaukar kaya ta tsaya, aka zuba sauran biyar ɗin a ciki. Ruwa ya sake saukowa, 'yan kallo suka watse.

Kawu ya kama ƙofar baya zai rufe. Tsohuwar na nan inda take. Wannan karon ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙa hannu ta nuna cikin ciyawa.

"Na gaya maka, saura ɗaya."

Ya ɗan tsaya. Allah ya gani, ya tsaya. Ya haska tocila cikin ciyawar, sau ɗaya, daga nan zuwa can. Babu komai sai ruwa na sauka. Ya kasa kunne, ba kuka, ba nishi. Ya sake ƙirgawa a ransa: biyu gaba, huɗu baya, da direba. Ya tuna da Sista Rifkatu da zancen 'yan kallo. Mai cinya ya yi wani gurnani a bayansa.

Ya rufe ƙofa. Malam Ɗanjuma ya kunna jiniya.

To, ku da kuke hawa motar haya, ku gaya mini. In uwa ta ɗora ɗanta a cinya, direba yana sa shi cikin fasinja? Ba ya sawa. Bai kama kujera ba, don haka ba kowa ba ne. Direban nan bai yi ƙarya ba. Yadda ya saba ƙirge tun yana yaron mota, haka ya ƙirga.

Sun wuce rabin hanya, hannun Kawu biyu na kan cinyar mutumin nan, sai matar ta buɗe ido. Ta dubi rufin mota. Ta fara laluben cikinta da hannu. Ta lalubi gefenta.

"Ina Zinatu?"

Kawu ya juyo ya dube ta.

"Wace ce Zinatu, Baiwar Allah?"

"'Yata. Tana cinyata. Barci take yi cikin hijabina."

"Shekararta nawa?"

"Uku. Ina take? Malam, ina take?"

Ya buga gilashin da ke tsakaninsa da direba, ya gaya wa Malam Ɗanjuma. Dattijon ya taka birki, ya juyo yana salati. Ya ce, "Mu koma?"

Nan fa ake yin ta. Asibiti na gaba, tafiyar minti goma sha biyar. Kwanar Marke na baya, ta fi haka nisa. Mutumin da ke ƙarƙashin hannun Kawu ya yi fari fat, jikinsa ya yi sanyi, bugun jijiyarsa sai a hankali. In suka juya, ba zai kai ba. Wannan yana hannu, ana ganin sa. Waccan ba a san ko tana da rai ba. Ya zaro waya da hannu ɗaya, babu sabis. Matar na kuka tana son tashi, yana roƙonta kada ta motsa wuya.

Kawu ya ce, "Malam, mu je asibiti. Taka ta."

Har yau bai sani ba ko daidai ya yi. Likitoci sun ce daidai ne. Mutumin ya rayu, 'ya'yansa shida. Amma wannan bai taɓa sa Kawu barci ba.

Suna sauke su, ko hannu bai wanke ba, suka juya. Da suka iso ruwa ya tsaya, wata ya ɗan leƙo. Babu kowa. Sai mushen motar da fasassun gilasai. Malam Ɗanjuma ya tsaya a bakin titi ya juya fitilu suna kallon daji, yana gadi kada wata motar ta zo ta afka musu a kwanar. Kawu ya ɗauki jakarsa ya kutsa ciyawa shi kaɗai, ta inda tsohuwar ta nuna.

Ciyawa ta rufe bayansa. Kwaɗi na ta kuka, sai ɗif, suka yi shiru gaba ɗaya.

Taku ashirin kacal. Ashirin, ya ƙirga daga baya.

A gindin marken ya same su. Tsohuwar na tsugune, ta ware baƙin zanenta da hannu biyu kamar rumfa. Ƙarƙashin zanen ga yarinya kwance rigingine. 'Yar riga ja, kitso biyu, takalmi ɗaya a ƙafa. Ko'ina a jiƙe yake jagab, amma inda take kwance a bushe, rigarta ma a bushe.

Tsohuwar ta ce, "Ka dawo."

Ya zube a gwiwa. Ya taɓa kafaɗar yarinyar, ya kira sunanta. Shiru. Ya haska fuskarta. Babu ciwo a jikinta sai 'yar ƙujewa a goshi. Amma bakinta cike yake da amai, kunun da ta sha kafin su taso. Ya juya ta ya kwashe shi da yatsa. Ya mai da ita, ya ɗaga haɓarta, ya kara kunne. Babu. Ya taɓa jijiyar wuyanta. Babu.

Jikinta da sauran ɗumi.

Ya ɗora hannu ɗaya a tsakiyar ƙirjinta ya fara dannawa. Talatin, ya hura mata iska sau biyu. Ƙirjin ya ɗaga ya sauka. Talatin, ya hura biyu. Yana ƙirgawa da ƙarfi. Ya yi ta yi har hannunsa ya mutu, ya canja ɗaya hannun. Gumi da hawaye suka haɗu suna ɗiga a kan jar rigar.

"Bari haka, ɗan nan. Ta tafi."

"Ba ta tafi ba!"

"Tana numfashi sanda ka rufe ƙofa. Tana numfashi har ƙarar motarku ta ɓace. Sai abin ya taso mata."

Kawu ya tsaya. Ya san abin da hakan ke nufi, ya fi kowa sani. Da an kwantar da ita a gefe kawai, aman ya zubo ƙasa, shi ke nan. Ba allura, ba ƙarin ruwa, ba likita. Aikin da ko ke Walida za ki iya.

Ya ɗago a fusace. "Kina nan zaune! Me ya hana ki juya ta? Me ya hana ki ɗauko ta ki kawo mini?"

Ta sauke zanen a hankali. Tocilarsa na yashe a ƙasa, haskenta na kan ƙafafunta. A nan ya gani. Duddugenta ne a gaba, yatsun suna kallon baya. Kuma duk taɓon nan, ko ɗigo babu a jikinsu.

Ya so ya karanta Ayatul Kursiyyu, harshen ya ƙi juyawa.

Ta ce, "Karanta abinka, ba zai kore ni ba. Ni ma ina karantawa." Muryar na fitowa ta bayan kunnensa, bakinta kuwa ko motsi ba ya yi. "Hannuna in ya taɓa ɗan mutum, ba ya barin sa yadda ya same shi. Ko jiki ya shanye, ko hankali ya gushe. Na kore mata dila. Na tare mata ruwa. Iyakar abin da aka ba ni ke nan. Sauran naka ne, shi ya sa na kira ka. Sau uku."

Kawu ya sunkuyar da kai. Tsoron ma ya fita daga ransa, baƙin ciki ya cinye shi.

Ya ce, "An ce mini bakwai ne."

"Na ji sanda aka gaya maka."

"Me ya sa kika damu da ita?"

Ta juya tana kallon titi.

"Shekarar da aka shimfiɗa kwaltar nan, ta tsakar gidanmu ta bi. Jikana yana wasa a inda ya saba wasa. Babbar mota ta bi ta kansa. Direban bai ma ji ya taka wani abu ba. Ba wanda ya tsaya. Ba wanda ya ƙirga shi." Ta gyara zanenta. "Tun ranar nake zaune a nan. Duk motar da ta faɗi, ni nake ƙirga ta."

Sai ta ce ya juyo da kunnensa na hagu. Ya juyo, bai san ya aka yi ba. Ba ta taɓa shi ba. Iska kawai ta hura masa, mai sanyi kamar ruwan randa da asuba.

"Ba za ka sake wuce mai shiru ba. Ɗauki 'yar mutane ka kai wa uwarta."

Da ya ɗaga ido, babu kowa. Kwaɗi suka ci gaba da kukansu.

Ya rungumo yarinyar ya fito. Malam Ɗanjuma ya ce shi daga titi yana jin muryar Kawu shi kaɗai, yana tambaya yana shiru, yana tambaya yana shiru. Ya kuma rantse da Alƙur'ani, tun zuwansu na farko bai ga wata tsohuwa ba.

Wannan karon ba su kunna jiniya ba.

Da gari ya waye Sista Rifkatu ta ce ita za ta gaya wa uwar. Kawu ya ce a'a, shi ya baro ta, shi zai faɗa. Ya shiga ɗakin mata. Matar na kwance da abin wuya, ba ta iya juyowa, sai idonta kawai ya biyo shi. Ya durƙusa gefen gado ya faɗa mata komai, bai rage ba, ban da zancen tsohuwa. Ya jira ta zage shi. Wallahi ya so ta zage shi.

Ta yi salati. Hawaye na gangara mata ta gefen ido zuwa kunne. Can ta ce, "Malam, ta yi kuka?"

Ya ce, "A'a. Ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da na ji."

Sai matar ta ce, "Haka take. Ba ta da kuka. Ko yunwa take ji, sai dai ta zuba mini ido. Kowa yana cewa na yi sa'ar yarinya mai haƙuri."

Kawu ya fita waje. A bayan ɗakin wanki Sista Rifkatu ta same shi zaune a ƙasa. Matar da bai taɓa ganin hawayenta ba ta zauna kusa da shi ta yi ta kuka. Ta ce, "Ni na ce ka toshe kunne." Daga ranar, duk wanda ta koya wa aiki sai ta ƙara masa: in direba ya faɗi adadi, ka tambaye shi, da na cinya? Da na goye?

Kyautar tsohuwa kuwa ta tabbata. Shekara ashirin da biyu ya yi a motar nan. In ya isa wurin haɗari, duk ihun da ake yi, kunnensa na hagu sai ya jiyo numfashin da ba wanda ke ji. Ya ciro mutum daga cikin kwalbati. Ya ciro jariri daga ƙarƙashin buhunan albasa. Abokan aikinsa har tsoronsa suke ji. Akwai mutane da yawa da ke yawo a garin nan yau, ba su san kunnen Kawu ne sanadin kwanansu ba.

Amma kun lura ba ya kwanciya ta gefen hagu? Matarsa ce ta gaya wa Inna, ni kuma ina laɓe ina ji. In dare ya yi tsit, akwai wani ɗan numfashi da yake jiyowa, siriri, na ƙaramar yarinya mai barci. Ya tashi ya haska ƙarƙashin gado, ya duba tsakar gida, ya duba bayan ɗaki. Ya san ba zai same ta ba, amma ba ya iya kwanciya sai ya duba.

Don haka ku ji da kyau. Kada wanda ya kuskura ya bi ta Kwanar Marke shi kaɗai bayan magariba, ko a ƙafa ko a babur. Tana nan zaune gindin marken, ba ta gama ƙirgarta ba. In kuma tsautsayi ya kai ku, kuka ji murya ta bayan kunne ta ce saura ɗaya, kada ku dubi ƙafarta. Ku dubi inda take nunawa.

Gobe in Kawu ya tsaya bakin mota yana nuna ku da yatsa, ku tsaya cak ya gama. Wanda ya sake yin dariya, ni da shi ne.

To, ku tashi ku kwanta. Tsaya tukuna, kada kowa ya motsa. Nazifi, kunna fitilar. Mu shida ne da muka zauna. Ina Walida? Tun ɗazu ban ji motsinta ba.

Au, ga ta nan bayana ta yi barci. Juya ta ta kwanta a gefenta.